Yadda Ake Sarrafa Ɗanyen Jins Mai Kauri, Daga Jiƙo Zuwa Keken Tela

Yawancin wandunan jins da ake gani a jikin samarin Rara, da na Wurno da Goronyo, iri biyu ne: na gwanjo da wani ya riga ya sa ya gaji a Turai ko Amurka, da sababbi marasa nauyi masu roba-roba. Amma jefi-jefi idan an fasa dila, ko wani ya dawo daga Kano ko Legas da tsaraba, akan ci karo da wani iri daban. Shuɗinsa ya yi duhu har ya kusa baƙi, ga nauyi, ga tauri. Shi ne ɗanyen jins, wanda tun da aka rina zarensa aka saƙa aka ɗinka ba a wanke shi ba. Mai noman albasa da tafarnuwa a fadamar Rima, da ɗan kabu-kabu, da bakanike, da wuya su sami wandon da zai jure musu kamarsa. Dama don 'yan ƙwadago aka yi shi tun farko, lokacin da Levi Strauss da tela Jacob Davis suka yi rajistar dabarar ƙarfafa bakin aljihu da ƙusoshin tagulla a Amurka a 1873. Sai dai wando ne mai saurin ɓaci a hannun mai gaggawa, kuma ɓarnar galibi a ranar farko ake yinta, a shagon tela.

Fara da tabbatar da abin da ke hannunka. Juya shi ka duba cikinsa: zaren tsaye ne kaɗai aka rina, na kwance fari ne, shi ya sa ciki ya fi waje haske. Goga farin ƙyalle a bayansa, in ɗanye ne za ka ga shuɗi ya fito. Ja yadin ta gefe; in ya miƙe ya koma, akwai roba a ciki, wannan ba shi muke magana ba, namu auduga ce zalla. Ana auna kaurin yadin da oza a kan yadi ɗaya tsawo da faɗi. Jins na yau da kullum yana tsakanin oza 10 da 13. Daga 16 zuwa sama shi ne mai kauri, masaƙun Okayama a Japan kuwa suna yin har na oza 21, kimanin giram 700 ke nan a mita ɗaya tsawo da faɗi. A ganina, ga ƙasar da zafinta ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, oza 14 zuwa 16 ya isa. Wanda ya fi haka kayan hunturu ne.

Wajen zaɓen girma, cinya da hantsa ake dubawa kafin ƙugu. Ƙugu yana sakewa da kamar inci ɗaya bayan an sa shi na ɗan lokaci, in ya yi yawa kuma tela na iya ragewa. Cinya da hantsa kuwa in sun matse babu magani, don masu ɗinka jins ba sa barin rarar yadi a ciki kamar yadda telolinmu ke yi wa wandon shadda. Saka shi ka tsuguna sosai, sannan ka yi zaman tahiya. In ka ji yana yanka ka a bayan gwiwa ko a hantsa har ba za ka iya natsuwa ba, mayar wa mai kaya abinsa. Tsawo kuwa, gara ya wuce ka da inci uku ko huɗu.

Mataki na gaba shi ne wanda aka fi tsallakewa, shi ne kuma ginshiƙin aikin: jiƙo. Auduga tana shan ja a kan masaƙa, da zarar ta sha ruwa sai ta koma. Tun 1930 Sanford Cluett ya fito da hanyar tsuke yadi a masana'anta kafin a ɗinka, kuma wandon da aka yi wa haka, wanda wani lokaci za ka ga an rubuta Sanforized a takardarsa, raguwarsa kaɗan ce. Wanda ba a yi wa ba yana iya raguwa har kashi 10 cikin 100. Ƙafar wando mai inci 34 ke nan za ta iya rasa inci uku. Yi tunanin wanda ya kai wa tela aka yanke masa daidai idon sawu, ya yi wankin farko ya ga wando ya koma tsakiyar ƙwauri. Wandon gwanjo sau da yawa takardarsa ta ɓace, don haka ɗauka cewa zai ragu.

Juya wandon ciki ya koma waje, ka ɓalla maɓallansa. Zuba ruwa mai ɗumi a babban baho, na rijiya ko na burtsatse, ban da ruwan gulbi na damina da zai bar masa laka a saƙa. Kada ka sa omo ko sabulu. Nutsa shi ya miƙe gwargwadon hali, ka danne da wani abu mai nauyi don yakan taso, ka bar shi kamar awa ɗaya. Ruwan zai yi shuɗi, sitatin saƙa zai fita, duk daidai ne. Ɗauko shi kada ka murɗe, domin duk inda ya karye da ƙarfi yana jiƙe sai ya bar farin layi da ba ya gogewa. Rataye shi ta ƙugu a inuwa. Idan ya kusa bushewa, saura ɗan danshi, saka shi ka zaga gida. A nan ƙugu da gwiwa ke ɗaukar siffar jikinka. Kana iya lura ɗinkin gefen ƙafa ya ɗan karkato gaba. Halin saƙar ne, ba laifin tela ba ne.

Har yanzu lokacin almakashi bai yi ba. Sa shi mako biyu ko uku tukuna, domin yadi mai kauri yana tattarewa a bayan gwiwa da gaban cinya, wannan tattarewar kuma tana jan ƙafar sama. A wannan tsakanin naɗewa ake yi. In rarar ba ta da yawa, ninki ɗaya mai faɗin yatsu uku ko huɗu ya wadatar. In tana da yawa, yi ninki biyu sirara, na farko kamar yatsu biyu, na biyu ya rufe shi. Fara daidaita ninkin daga ɗinkin ciki da na waje, inda ya fi tauri, sannan ka bi sauran da yatsa. Ban da ninki uku a yadi mai kauri, yana zama dunƙule mai dukan idon sawu, ga ɗan kabu-kabu kuma yana iya maƙalewa a kikista. Kowace yamma warware naɗin ka kakkaɓe. Rairayi da ƙarangiya da ƙaiƙayi suna taruwa a ciki, rairayin kuma yana cin zare a kan layin ninki har ya yanke shi ba ka sani ba.

A makonnin nan wandon yana zuba, kuma mu ba baƙin wannan ba ne. Rinin shuni ba ya shiga cikin zare, a bayansa yake zama, shi ya sa turkuɗin Kura ke barin shuɗi a fatar Buzayen da ke naɗa shi. Haka jins yake, ko da yake yawancinsa yanzu da shunin masana'anta ake rina shi, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897, ba da baban da ake jiƙawa a marinar Ƙofar Mata ba. Don haka ka nisanta shi da farar taguwa, da farin takalmi, da shimfiɗar mutane in ka yi gumi.

Ranar zuwa wurin tela, tafi da takalmin da ka fi sawa da shi. Tsaya a miƙe kana kallon gaba, shi ya sa alli, kowace ƙafa da awonta. Wanda ke son wandonsa ya tsaya sama da idon sawu ya faɗa tun a nan. Sai a bar inci ɗaya ƙasa da allin don kalmasa, rabin inci sau biyu. Idan tela babba ne ya ce maka, "Ɗana, wanga ya fi ƙarfin kekena," ka gode masa, gaskiya ya faɗa maka. Ɗinkin da ke bin cikin ƙafa ninki huɗu ne, in an kalmasa sau biyu ya zama goma sha biyu, keken Butterfly da aka saba ɗinka atamfa da shi kuwa da ƙyar yake haye wannan tudu. Gara a nemi mai babban keke, ko masu ɗinka jaka da kujerar babur, ko dukawan Sakkwato da suka saba da fata.

Telan da ya yarda zai yi, ga yadda ake bi. A ɗora wurin tudun a kan katako a bubbuga da guduma har ya kwanta. A sa allura lamba 18 ko sama, da zare mai kauri, a buɗe tazarar ɗinki. In an iso tudun a daina taka keke, a riƙa juya shi da hannu, a cusa ninkakken ƙyalle a bayan ƙafar keken don ta daidaita, in ba haka ba allura ta karye ko ɗinki ya yi tsallake. Masu sha'awar jins a ƙasashen waje suna nacewa sai an yi musu kalmasa da ɗinkin sarƙa na tsohon keken Union Special, don yana sa bakin ƙafa ya koɗe da wani salo. Ado ne kawai. Ɗinkin kekenmu mai zaren sama da na ƙasa ya fi shi riƙo, domin na sarƙa in zare ɗaya ya tsinke sai ya bi layi yana warwarewa.

In kana son a tsuke ƙafa, a yi shi kafin kalmasa. Duba ɗinkin waje daga ciki: in ka ga bakin yadin a gyare yake da kansa, sau da yawa da jan zare a jiki, saƙar tsohuwar masaƙa mai ƙoshiya ce, kada a taɓa wannan gefen, a rage ta ciki. A fara ragin daga sama da gwiwa a sauko a hankali, a yi ɗinkin gwaji da manyan tazara, ka saka ka gani kafin a yanke. Tabbatar diddige na wucewa ba da kokawa ba, kuma ƙafar na iya hawa ƙwauri lokacin alwala. Samari da yawa suna sa a tsuke har sai sun zauna wani ya ja musu, wannan a yadin oza 16 azaba ce. Ƙugu kuwa daga tsakiyar baya ake rage shi, a cire madaurin bel na tsakiya a mayar bayan an gama. Kada ragin ya wuce inci biyu, in ya wuce aljihunan baya sai su matso juna.

Za ka ji ana cewa kada a wanke ɗanyen jins sai bayan wata shida don koɗewarsa ta yi kyau. Wannan shawara ce ta mutanen ƙasar sanyi masu zaman ofis. Wanda ke ban ruwa a Wurno ko ƙarƙashin madatsar Goronyo, yana gumi, yana kuma sallah da tufarsa, dole ya wanke duk lokacin da ta yi datti. Gishirin gumi da ƙura su ne ke cinye zaren hantsa. A juya shi, a sa ruwan sanyi da sabulu kaɗan, a cuɗa da hannu ba da buroshi ba, a shanya a inuwa.

Guntayen da aka yanke daga ƙafa ka karɓe su daga hannun tela ka ajiye. Lokaci-lokaci ɗaga wandon a rana ka duba hantsa da gwiwa. Da ka ga haske na ratsawa, tun bai huje ba, kai a sa guntun ta ciki a bi shi da ɗinki gaba da baya, da shuɗin zare, a kan hanyar saƙar.