Amsar Tambaya: In Cire Matashin Kujerar Motata?

Tambaya: Malam, matashin da ke saman kujerar motata yana tura min kai gaba, har wuya ya yi tsami. In cire shi?

Amsa: Hajiya, kar ki kuskura. Ba don barci aka yi shi ba. In aka bugi mota ta baya, kujera ce ke ingiza jiki gaba, kai kuma ya fizgu baya, jijiyoyin wuya su ji jiki. Wannan matashin shi ke tare kan. Shi ya sa tun 1969 Amurka ta wajabta shi a kujerun gaba na sababbin motoci. Direbobin haya da ke tumɓuke shi don fasinja su sake, ganganci suke yi.

Matsalarki saiti ce. Danna maɓallin gindin ƙarafunan biyu da ke riƙe da matashin, ki ɗaga shi har samansa ya yi daidai da tsakiyar kanki ta sama, tazararsa da ƙeya kada ta wuce yatsu uku. Sai ki ɗan kwantar da bayan kujerar kaɗan. Ɗaurin ɗankwali mai tudu a ƙeya ma yana tura kai, ki sassauta shi in za ki tuƙa. In ciwon ya ƙi tafiya, ki ga likita.