Kafin Jikoki Su Cika Gida

Dogon hutun makaranta yakan faɗo a Agusta, tsakiyar damina, lokacin da jikoki ke cika gidan kaka. Idan ana haƙa shadda a tsakar gida, don Allah a rufe ramin da katako mai kauri, a danne da bulo. Ruwan dare ɗaya kan tara kududdufi a ciki, kuma yaro mai tatata yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwar babba ba, shiru, ko kuka ba za a ji ba. Wannan shirun ne ya fi tayar mini da hankali.

Rijiya a sa mata murfi da kwaɗo. A kife bokitai bayan wanki, a tsince ƙusoshin da kafinta ya bari.