NA'URAR GEM A FALON MUSULMI: A FASA TA KO A BAR TA?



Bayan sallar Isha'i a makon da ya wuce wani bawan Allah ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, ya ce: "Malam, ni da hannuna na sayo wa yarana PlayStation, don in raba su da gidan gem na unguwa inda ake ashar da shan sigari. Na ce gara su zauna a gabana. To yanzu babbansu, ɗan shekara 13, sai an yi da gaske yake tashi Asuba, haddarsa ta tsaya wuri ɗaya wata uku, uwarsu kuma kullum tana cikin rabon faɗa a kan wa zai riƙe pad. In fasa ta ne ko in sayar?"

Na ba shi gajeriyar amsa a tsaye, na yi alkawarin faɗaɗawa a rubuce, domin ba shi ne na farko da ya kawo mini wannan kukan ba.

Mu fara da sanin abin da muke magana a kai, don ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba. Tun asali don gida aka ƙera waɗannan na'urori. Kamfanin Nintendo na Japan, wanda ya fara da sayar da katin wasa a birnin Kyoto a 1889, da ya fitar da na'urarsa a 1983 sai ya raɗa mata suna Family Computer, wato kwamfutar iyali. Sony ya shigo da PlayStation a 1994, sai PlayStation 2 a shekarar 2000, wadda aka sayar da fiye da miliyan 150 a duniya. Ita ce mu tsararrakina muka tarar a shagunan gem muna yara, kuma kada wani ya ɗauka ban san daɗin da ake ji ba in an zura ƙwallo a minti na 90. Na sani. Amma waccan ta zamaninmu faifai ake sa mata, a buga, NEPA ta ɗauke wuta, kowa ya watse. Ta yanzu, irin su PlayStation 5 da ta fito a 2020, da Xbox, tana hawa intanet, akwai kanti a cikinta da ake saye da katin banki, kuma yaro yana iya hira da murya da mutumin da bai taɓa gani ba. Uba da yawa yana auna ta ne da wadda ya sani a yarintarsa, nan kuskuren yake farawa.

To mene ne hukuncinta? Ƙa'idar malamai ita ce asali a cikin al'amuran rayuwa halacci ne har sai dalili ya zo da hani. Kuma Musulunci bai yaƙi wasa ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha (RA) tana wasa da 'yar tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW), kuma ya tsaya ya kare ta tana kallon Habashawa suna wasan masu a cikin masallaci. Abu Dawud ya ruwaito cewa sun yi tseren gudu shi da ita. Ƙanin Anas, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi (SAW) har zolayarsa yake yi a kansa. Wanda duk ya ce yaro ba shi da hakkin wasa, ba daga wannan gidan ya ɗauko tarbiyyarsa ba.

A ɗaya ɓangaren, akwai wasan da nassi ya haramta kai tsaye, shi ne nardu, wasan da ake jefa ƙwaya a bi sa'a, wanda hadisin Buraida a Muslim ya kamanta mai yinsa da wanda ya tsoma hannu cikin nama da jinin alade. Shaɗaranji kuwa, wanda ake kira ces, an yi saɓani: Imamu Malik ya tsananta a kansa, Imamu Shafi'i ya tafi a kan karhanci. Abin da ya fi amfanarmu a nan shi ne inda ba su saɓa ba. Duk sun haɗu a kan cewa in aka sa kuɗi, ko ya hana farilla, ko ya ƙunshi haramun, to ya haramta. Da wannan ma'aunin nake auna gem. Na'urar ƙwarya ce, hukuncin yana bin abin da aka zuba a ciki da yadda aka sha shi.

Tambayar da na fara yi wa wancan uba ita ce: ka san wasannin da ke ciki? Ya ce ai ƙwallo ce kawai. Na ce je ka duba. A kasuwanninmu galibi ba faifai ake saya ba, mai shago ne yake loda wasanni goma ko ashirin a kan na'ura, abin da ya ga samari na so shi yake zubawa. Su kansu Turawan da ke yin waɗannan wasanni sun sa alamar shekaru: a Turai lamba ce, 3, 7, 12, 16 ko 18, a Amurka kuma harafin M yana nufin daga shekara 17. Grand Theft Auto V, wanda yaranmu ke kira GTA, lambarsa 18 ce, kuma aikin mai wasa a ciki fashi ne da kisa da shiga gidajen baɗala. Wanda ya yi shi ya ce ba na yara ba ne, amma ɗan Musulmi mai shekara 10 yana bugawa a falo, uwarsa na tuƙa tuwo a kicin. Akwai kuma waɗanda labarinsu gaba ɗaya na gumakan Girkawa ne da makamantansu, kamar God of War. A 2021 ma an ga takardun Alƙur'ani warwatse a ƙasa cikin Call of Duty: Vanguard, sai da Musulmi suka yi ca kafin kamfanin ya cire ya ba da haƙuri.

Ƙwallon ita ce mafi sauƙi, kiɗan da ke ciki ma ana iya kashe shi. Amma a nan ne maganar kuɗi take, kuma ina so a tsaya a fahimta. A cikin FIFA, wadda ta koma EA Sports FC a 2023, akwai sashen da ake sayen ƙunshi a rufe ba a san 'yan wasan da ke ciki ba. Ka biya kuɗi sananne, ka karɓi abin da ba ka sani ba, ko ka dace ko ka yi asara, sai ka sake saye. Ɗalibin fiƙihu ya san sunan wannan ba tare da an gaya masa ba: garari ne da caca. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin wannan ƙunshi caca ne, har kamfanin ya daina sayar da shi da kuɗi a can. Haka abin da samari ke yi na wanda aka ci shi zai biya kuɗin gem, ko shi zai sayi lemo. Ƙanƙantar kuɗin ba ta canza sunan.

Sai lokaci, wanda shi ne ainihin ciwon mai tambayarmu. A aya ta 91 cikin Suratul Ma'ida, da Allah Ya ambaci illar giya da caca, Ya ambaci jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da kangewa daga ambaton Allah da salla. Dubi gidan nan: faɗa a kan pad, da Asuba da ta gagara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya kamuwa da gem cikin jerin cututtuka, alamominta kuwa su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba ko da yana ganin cutarwa, har tsawon kamar shekara. China, wadda ba ƙasar Musulunci ba ce, ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet a 2021 zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Mu da aka gaya mana kowannenmu makiyayi ne abin tambaya a kan kiwonsa, me muka taƙaita?

Abin da na ce wa ɗan'uwan nan shi ne kada ya fasa, tozarta dukiya ne, kuma yaron gidan gem zai koma, wannan karon a ɓoye. Ya zauna da yaran a buɗe na'urar a gabansa, a goge abin gogewa, ya bayyana musu dalili. Ta zauna a falo, kada ta kwana a ɗakinsu. Kada ya bar katin bankinsa a kanta. PlayStation da Xbox da Nintendo Switch duk suna da wurin da iyaye ke ƙayyade lokaci da shekaru, in bai iya ba ya nemi wanda ya iya. A yi sharaɗi tun kafin a kunna: ba a fara sabon wasa in salla ta kusa, domin wasan intanet ba ya tsayuwa ya jira ka, shi ya sa kullum amsar yaro ita ce "yanzu zan gama". Kuma a raba lokaci da adalci, har da 'yan matan gidan, kada babba ya danne ƙanana.

Wata maganar kuma ta iyaye maza ce. Akwai wanda ya ce don yara ya sayo, alhali shi ke kai ƙarfe biyun dare a kanta, matarsa na jira. Wannan ba zai iya tada kowa Asuba ba. Akwai kuma wanda bai taɓa zama minti goma ya buga da ɗansa ba, sai tsawa daga ƙofa. Zauna ka bari ya ci ka biyu da nema, in an kira salla ka ajiye pad ɗinka kafin ya ajiye nasa, ku fita tare.

In an gwada wannan wata ɗaya ko biyu Asuba ba ta dawo ba, hadda ba ta motsa ba, to a fitar da ita daga gidan. Sayar da na'urar ya halatta bayan an goge wasannin da suka ƙunshi haramun. Faifan irin waɗannan wasanni kuwa ba a sayar da su, ba a kyautar da su ga ɗan maƙwabci, lalata su ake yi.

Wallahu a'alam.