Amsoshin Tambayoyinku: Ajiyar Banki Kafin Bizar Karatu a Jamus

Wani mai sauraronmu daga Gwarzo, wanda ƙaninsa mazaunin Kabo ya samu gurbin karatu a Jamus, yana tambaya: don me ake neman ajiyar banki kafin biza?

To Malam, hukumomin Jamus na son tabbacin ɗalibi zai iya ɗaukar nauyin kansa. Tun watan Satumba na 2024, Yuro 11,904 ake zubawa a asusu na musamman, a kulle shi. Da zarar yaro ya isa, sai a riƙa sakar masa Yuro 992 duk wata. Kuɗin nasa ne, in an hana shi biza za a mayar masa. Mai cikakken tallafin karatu, irin na DAAD, ba ya buƙatar wannan ajiya. Don Allah ku guji dillalai masu takardun banki na bogi.