Filin Shawara: Maigidana ya girke runduna a kan teburin cin abinci

 Muna zaune a Landan da maigidana da 'ya'yanmu biyu. Mutumin kirki ne, ba ya yawon dare, ba ya tauye mana haƙƙi. Amma tun bara wani abokin aikinsa ya koya masa wata ɗabi'a da ta dame ni. Yana sayen 'yan mitsi-mitsin sojoji da tankokin yaƙi na ƙarfe, kowane soja bai wuce ƙwayar shinkafa ba, ya zauna bayan isha'i da fitila da buroshi yana shafa musu fenti har tsakar dare. Ran Asabar ya kwashe su ya tafi wani kulob, wai za su yi yaƙi a kan tebur da ɗan lido da tef ɗin awo. Magidanci da gemunsa, Anti! Kunya nake ji idan 'yan'uwa suka zo. Kullum ana kawo sabon fakiti. Anya ba caca ba ce? In na yi magana sai ya ce ba zan gane ba. Jiya ma a bakin autanmu ɗan shekara biyu na ƙwato wata tanka.

Uwar yara biyu, Landan

To, ƙanwata. Zan fara da abin da kika ajiye a ƙarshen wasiƙarki, don shi ne ba ya jiran gobe. Tankar nan tsawonta bai wuce santimita 2 ba, tana iya sarƙe yaro. Ƙarfen da ake zuba irin waɗannan kaya da shi haɗin kuza ne, wasu kuma, musamman tsofaffin ƙira, har da dalma a ciki. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma wasa da ita, komai ƙanƙantarta. Yau ɗin nan a samo akwati mai makulli, a ɗora shi inda hannun yaro ba ya kaiwa, aikin fenti kuma ya bar teburin da kuke cin abinci. Wannan ba maganar lallashi ba ce, ki faɗa masa kai tsaye, na tabbata zai ji.

Batun caca kuwa, ki kwantar da hankalinki. A yadda aka saba yin wasan ba a zuba kuɗi. Akwai littafin dokoki da ke faɗin tazarar da kowace runduna za ta iya tafiya a zagaye guda, shi ne amfanin tef ɗin. Ɗan lidon kuma shi ke yanke hukuncin ko harbi ya samu ko ya kuskure. Wanda ya yi nasara musabaha kawai yake samu.

Kuma manya ne suka ƙago shi. A 1824 wani hafsan sojan daular Purushiya, a ƙasar Jamus ta yanzu, Georg von Reisswitz, ya gabatar da wasan da ake kira Kriegsspiel, rundunar ƙasarsu ta karɓe shi tana horar da hafsoshinta da shi a kan taswira. A 1913 marubucin nan na Ingila H. G. Wells, wanda ya tsani yaƙi, ya fitar da littafin Little Wars, ya shigo da abin cikin falon talakawan gari. Irin girman da maigidanki ke tarawa shi ake ce wa milimita 6, wato an rage komai sau 285 ko 300. Kamfanin GHQ a Amurka yana wannan sana'a tun 1967, a Ingila kuma akwai Baccus da Heroics & Ros. A nan Landan ɗin da kike, kowace shekara ana baje koli mai suna Salute, dubban mutane ke zuwa, da yawansu masu furfura. Kuma in gaya miki, cikin masu wannan sha'awa maigidanki ya zaɓi ɓangare mai sauƙin kuɗi da sauƙin wurin ajiya, don runduna guda tana shiga kwalin takalmi.

Akwai abin da nake so ki duba da idon rahama. A gida namiji yana da majalisa. Bayan magariba ya fita ƙofar gida, a yi hira, a yi musun ƙwallo da siyasa, ya dawo da zuciya sakayau. A ƙasar sanyi babu wannan. Daga aiki sai ɗaki, daga ɗaki sai waya. Mutumin da ya samu inda zai zauna da mutane ido da ido, ba giya, ba ashararanci, ya samu abin da maza da yawa a can suka rasa. Don haka kada ki mayar da shi abin dariya a gaban baƙi. Idan 'yan'uwa suka tambaya, ki ce yana sha'awar tarihin yaƙi ne, yana ƙera taswirarsa. Gaskiya kika faɗa.

Sai dai ina tare da ke a inda abin ke miki ciwo, kuma na lura kunyar nan mayafi ce kawai. Ainihin kukanki shi ne daren da a dā naki ne ya koma na fenti, Asabar ta koma ta kulob, ke kuma kina fama da yara biyu ba kaka ba goggo kusa. "Ba za ki gane ba" ba amsar da miji zai ba matarsa ba ce. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, yara sun yi barci, ki bar zancen sojojin gaba ɗaya, ki ce masa kewarsa kike yi. Daga nan ku yi yarjejeniya a fili. A ware darare biyu ko uku na fenti a mako, sauran na iyali. A riƙa karɓa-karɓa da Asabar, wadda ba ya zuwa kulob ya riƙe yara ke ma ki fita ki sha iska. A yanke abin da zai kashe a wata, kuma ba a sayen sabon fakiti sai an gama fentin na baya. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi zai fi yi masa wuya, don cutar masu wannan sha'awa ke nan a ko'ina, saye ya fi shafawa sauri.

Sannan ki ba shi dare guda. Ki ja kujera ki ce ya nuna miki wane yaƙi ne wannan, su wa suka yi shi, me ya faru. Ba dole ne abin ya burge ki ba. Amma wanda aka saurara ya fi saurin saurara.

*

Anti, barka da aiki. Ni ɗalibi ne. Marigayi kakana ya yi yaƙin Bama, ina so in haɗa ƙaramin filin daga don tunawa da shi. Kawuna ya kawo mini sojoji 'yan milimita 6 masu malfa daga Ingila. Na shafa musu kore mai duhu kamar yadda na gani a hotuna, amma in na jera su sai su zama baƙin dunƙule, ba a gane komai. Fentin ma bushewa yake tun yana kan buroshi. Ko hannuna ne bai iya ba?

Jikan tsohon soja, Zariya

Ɗana, Allah ya jiƙan kakanka, ya yi maka albarka da wannan niyya. Hannunka lafiya lau yake. Kuskuren da kowa ke yi da farko ne: ka shafa launin da kayan suke da shi a zahiri. Abu in ya ƙanƙance haka hasken da yake mayarwa kaɗan ne, sai ido ya gan shi ya fi yadda yake duhu. Saboda haka ka ƙara wa korenka haske fiye da yadda zuciyarka ke so, har ka ji kamar ka wuce gona da iri.

Ka wanke su da sabulu tukuna don maiƙon ma'aikata ya fita, ka manna su a jere a kan tsinken katako yadda za ka riƙe ba tare da taɓa su ba. Ka yi shimfiɗar fari ko toka mai haske, siririya. A kanta ka sa koren, sannan ka tsinka fenti mai ruwan ƙasa da ruwa sosai ka zuba, zai gangara cikin lunguna ya fitar da hannu da ɗamara da bindiga. In ya bushe, ka ɗebi launi mai haske, ka goge buroshin a tsumma har ya kusa bushewa, ka shafa sama-sama. Malfa da fuska da hannuwa su ido ke kamawa, su za ka ba kulawa. Maɓalli da aljihu ka bar su. Ƙasar da za ka girke su a kai ita ma ta zama mai haske, don a kan ƙasa mai duhu suke ɓacewa. Kuma kada ka yi musu hukunci a kusa da hanci. Ka ajiye su a tebur, ka ja baya taku guda, daga nan ake kallonsu.

Bushewar fenti kuwa aikin hunturu ne. Ka samu ƙaramar roba mai murfi, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen soso, ka ɗora takardar gashin burodi a kai, ka riƙa ɗiga fentin a nan. Ka nemi buroshi mai lamba 0 ko 1 mai tsinin baki, ya fi mitsitsin riƙe danshi. Kada ka lashi bakinsa.

Wajen tsara filin, ka tuna yaƙin su kakanka na ƙafa ne. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1943, ta kutsa kwarin kogin Kaladan a 1944 cikin daji da tsaunuka, jirgin sama ke jefo musu guzuri, dakaru na ɗaukar kaya a ka. Tambarinsu baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya. Runduna ta 82 ta bi baya, suka haɗu aka ƙwace Myohaung a Janairun 1945. Don haka kuɗinka su tafi a bishiyoyi da tudu da rafi, kuma kada ka manta da masu dako, don ba su babu tafiyar. Barikin Chindit da ke nan Zariya, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna, duk daga wancan yaƙin suka samo suna. Idan akwai tsohuwa ko tsoho a gidanku da ya ji labari daga bakin marigayin, ka je da waya ka naɗi muryarsa tun kafin ka sake buɗe kwalbar fenti. A nemo maka lambarsa ta soja ko takardar sallama in suna nan, su za su nuna maka bataliyar da ya yi.

*

Anti, abin yana ba ni sha'awa, amma zuciyata ba ta natsu da ajiye siffar mutum a ɗaki ba.

Wani bawan Allah, Maraɗi

Ɗan'uwa, wannan tambaya ta malamai ce, kuma na ji daɗi da ka yi ta kafin ka kashe kuɗinka. Ka kai wa malamin da ka amince da iliminsa, ka nuna masa hoton abin da girmansa, ka gaya masa amfanin da ake yi da shi, don ya yi hukunci a kan abin da ya gani. Kafin nan, wasan yana da rassa da babu siffar mai rai a cikinsu ko ɗaya. Akwai masu tara tankoki da motoci zalla, akwai masu jiragen sama, akwai masu jiragen ruwan yaƙi da aka rage sau 2400 ko 3000, waɗanda shuɗin zane kawai suke buƙata a matsayin teku. Akwai kuma masu bin tsarin asali na Kriegsspiel, taswira da 'yan guntayen katako masu launi biyu, ja da shuɗi. Wannan ko kafintan unguwarku zai yanka maka su.