Darasi Daga Fim Ɗin Shaihu Umar

Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976, an gina shi ne a kan littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya daɗe da ɓacewa, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi, aka nuna a Balin ta ƙasar Jamus a 2018. Labarin Musulmi ne, amma iyalin Kirista za su sami abin nazari a ciki.

An sace Umar yana yaro daga Kagara. Daga baya wani Balarabe, Abdulkarim, ya ƙetare Hamada da shi zuwa Masar, ya rene shi kamar ɗansa har ya zama malami. Mai karanta Littafi Mai Tsarki zai tuna da Yusufu, wanda aka sayar aka kai Masar (Farawa 37). Amma Yusufu ya ga mahaifinsa ya kuma riƙe shi shekara 17, Umar kuwa bai ga mahaifiyarsa ba sai gab da mutuwarta, bayan ta fita nemansa ita ma an bautar da ita.

Siyasar labarin tana fada. Fadawa masu hassada sun yi wa Makau, mijin mahaifiyar Umar, ƙazafin ɓoye bayi bayan an dawo daga hari, sarki kuwa ya kore shi daga gari. Kowa yakan tausaya wa Makau, kuma daidai ne. Sai dai bayin da ake gardama a kansu fa? Ba a san sunayensu ba, ba a bi iyayensu mata don a ga kukansu ba. Zaluncin da aka yi wa bafade ya sami mai faɗa, na mutanen da aka kamo kuwa an ɗauke shi kamar sha'anin yau da kullum. Dokar Musa ba ta ɗauke shi haka ba: Fitowa 21:16 ta yanke hukuncin kisa a kan mai satar mutum.

Wannan ba tarihin nesa ba ne ga mutanen Jalingo. A 1892 Sarkin Muri Muhammadu Nya ya ci garin Kona da taimakon igwar Bafaranshe Louis Mizon, aka kwashi mutane bayi. Baturen nan daga ƙasar da ake kira ta Kirista ya fito, saboda haka babu mai bi da zai kalli fim ɗin ya nuna maƙwabcinsa Musulmi da yatsa. Jikokin waɗanda aka kama da na waɗanda suka kama suna cin kasuwa ɗaya a garin nan.

Bayan kallo, iyaye su karanta Farawa 45 tare da yara, su tambaye su dalilin da ya sa Yusufu ya ambaci laifin 'yan'uwansa a fili kafin ya rungume su.