Shin Doka Ta Isa Ta Yanka Wa Yaro Shekarun Sanin Ubangijinsa?



Wani ɗalibina da ke karatu a Turai ya turo min tambaya. Abokan karatunsa sun dage cewa kamata ya yi doka ta hana koya wa yaro addini sai ya kai shekara 18, sannan ya zaɓa da kansa. Ya ce, "Malam, wallahi na rasa amsar da zan ba su." Sai na ga gara in amsa a nan, kowa ya amfana.

Da farko, kar mu ɗauka maganar baki ce kawai. A 2011 Tajikistan, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne, ta yi dokar da ta hana 'yan ƙasa da shekara 18 shiga harkokin ibada a masallatai, in banda jana'iza. Jamus kuwa wata hanya ta bi: dokarta ta 1921 ta bai wa yaro ɗan shekara 14 ikon zaɓar addininsa, amma ba ta hana iyaye koya masa kafin nan ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ma, a sashe na 14, ta yarda iyaye su yi wa ɗansu jagora daidai da girman hankalinsa.

To ni abin da na ce masa shi ne: babu yaron da ke tashi da zuciya fanko. Ba mu jiran ya kai 18 kafin ya zaɓi harshen da zai yi magana da shi, ko ya yanke shawarar ko ƙarya abu ne mai kyau. In ka yi shiru shekara 18, waya da abokai ba za su yi shiru ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sannan Musulunci ai yana da nasa tsarin shekarun. A hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, a shekara bakwai ake fara umartar yaro da sallah, sai ya kai goma ake tsananta masa. Ku lissafa: tsakanin nan akwai salloli sama da dubu biyar na lallashi da tunatarwa. Ko horon da aka ambata a shekara goma, malamai sun gindaya masa sharaɗi: banda fuska, banda jin rauni. Kuma ba a rubuta wa yaro zunubi sai ya balaga. Ke nan koyarwa da wuri take farawa, hisabi kuwa sai hankali ya nuna. Annabi (SAW) ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama, kuma yakan taƙaita sallah in ya ji kukan jariri. Ina masallacin da ya kori yara a nan?

Amma 'yan'uwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaron da aka tura wani gari da ƙoƙon bara babu mai kula da cinsa, da wanda aka farfasa wa baya da bulala saboda ya manta aya, da waɗanda aka samu ɗaure da mari a Kaduna a 2019, su ne hujjar da masu wannan ra'ayi ke ɗagawa. Ni a nan ina goyon bayan hukuma ta sa hannu, domin shari'a ta riga ta haramta cutarwa. Doka ta kama mai zaluntar yaro, ta ƙyale uban da ke koya wa ɗansa Fatiha.

Saboda haka kafin mu yi fushi da dokar wasu, kowa ya duba gidansa. Ɗanka da murna yake tafiya Islamiyya ko da fargaba? In ya yi maka tambaya game da Allah, amsa yake samu ko tsawa? Yau da magariba ka riƙe hannunsa ku tafi masallaci tare, in ya yi wasa a sahu ka yi haƙuri.

Allah ya shirya mana zuri'armu. Wallahu a'alam.